Likitan Ƙwaƙwalwa da Cututtukan Garinsa: Nazarin Guangzhou Domin Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda aikin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya ginu a Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin. Ta bi sawun cututtuka uku da sunan birnin ya ɗamfaru da su: sanƙarau na tsutsar huhun ɓera, lalacewar ƙwaƙwalwa bayan gashin ciwon daji, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Hujjar takardar ita ce likitocin birnin sun yi fice ne saboda sun tsaya a kan cutar da ke shigowa ƙofar asibitinsu, suka ƙirga ta, suka bi masu ita shekara da shekaru. Takardar ta kuma taɓo halin da ɗan kasuwa Bahaushe ke shiga idan ɓarin jikinsa ya shanye a wannan birni.

1.0 Gabatarwa



Idan aka ambaci Guangzhou a Kantin Kwari ko a babbar kasuwar Maraɗi, kwantena ke zuwa a rai: yadi, takalma, wayoyi, kayan gyaran babur. Birni ne na mutum sama da miliyan 18 bisa ƙidayar 2020, a bakin kogin Zhujiang, kuma tun 1957 ake cin kasuwar baje kolin Kanton a cikinsa. Kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa allurar da ake yi wa yaron da zazzaɓi ya sumar a asibitocin Kano ko Katsina tana da tarihin da ya ratsa ta wannan birni.

Jama'armu sukan haɗa likitoci uku su mayar da su ɗaya. Akwai likitan taɓin hankali, akwai mai yi wa ƙwaƙwalwa tiyata, sannan akwai wanda wannan takarda ke magana a kansa, wato mai duba ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi da tsoka ba tare da ya ɗauki wuƙa ba. Shi ke ganin mai farfaɗiya, da mai shanyewar ɓarin jiki, da mai karkarwar hannu, da dattijon da mantuwa ta fara cinye masa sunayen jikokinsa. Duk da na'urorin hoto na zamani, babban kayan aikinsa har yau kunnensa ne, sai 'yar gudumar roba da fitilar duba ido. Tambaya biyu yake nema wa amsa. Ta farko, a ina ciwon ya zauna? Amsar wannan iri ɗaya ce a Landan da Zariya, domin jijiyar ɗan Adam ba ta sauya hanya. Ta biyu, me ya kawo shi? Wannan kuwa ba a amsa ta sai an san garin da majiyyaci ya fito, da abin da yake ci, da sana'arsa, da irin zazzaɓin da ke yawo a unguwarsu. A kan tambaya ta biyun na gina takardar.

2.0 Tushen aikin a taƙaice

A 1835 wani likita Ba'amurke, Peter Parker, ya buɗe asibitin ido a Kanton, kamar yadda Turawa ke kiran birnin a lokacin. Asibitin ya bunƙasa ya zama asibitin Boji, inda Sun Yat-sen ya fara karatun likita a 1886, kuma yau shi ne Asibitin Tunawa da Sun Yat-sen. John Glasgow Kerr ya karɓi ragamarsa a 1855 ya riƙe shi sama da shekara 40. A ƙarshen rayuwarsa, a 1898, ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a Fangcun, hayin kogi, wanda shi ne irinsa na farko a ƙasar Sin. Kafin nan a gida ake tsare irin waɗannan bayin Allah, wasu cikin sarƙa. Wannan gida ne ya zama Asibitin Ƙwaƙwalwa na Jami'ar Likitanci ta Guangzhou a yau. Na kawo wannan tarihi ne domin sarƙar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2019 hukumomi sun fito da ɗaruruwan mutane ɗaure da mari daga wasu gidajen horo a Kaduna da Katsina, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da mai farfaɗiya ke cin abinci a kwanonsa shi kaɗai saboda ana tsoron yawunsa, alhali farfaɗiya ba a ɗaukar ta.

3.0 Tsutsar da aka fara gani a ɓerayen birnin

A 1935 masanin tsutsotsi Chen Xintao na Jami'ar Lingnan ya wallafa bayanin wata tsutsa da ya samu a huhun ɓerayen Kanton. Yau ana kiran ta Angiostrongylus cantonensis. A lokacin babu wanda ya ɗauka tana da wata alaƙa da ƙwaƙwalwar mutum. Sai a tsakiyar shekarun 1940 aka same ta a ruwan lakar wani majiyyaci a Taiwan, sannan a 1984 aka ba da rahoton mutum na farko da ya kamu a babban yankin ƙasar Sin, a Guangzhou ɗin dai.

Tsutsar tana girma a jijiyoyin jinin huhun ɓera, 'ya'yanta su fita ta kashinsa, dodon koɗi ya ci, ɓera ya ci dodon koɗi, a sake zagayowa. Mutum kan faɗa cikin wannan zagaye idan ya ci dodon koɗi ɗanye ko wanda bai dahu ba, ko ganyen da ya gurɓata ba a wanke ba. A jikin mutum tsutsar ba ta iya kammala tafiyarta. Takan tsaya a ƙwaƙwalwa da rigar da ta lulluɓe ta, ta mutu a can, jiki ya tayar da kumburi. Majiyyaci zai zo da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da wani irin raɗaɗi a fata kamar ana tsira masa allura. Idan aka ɗebi ruwan laka za a tarar da wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ba a saba gani ba a sanƙarau na bakteriya. Maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa wannan ciwo. Abin da ke taimakawa shi ne maganin sauke kumburi da rage ruwan lakar don a sassauta matsi a cikin kai.

Ɗaya daga cikin dodon koɗi biyu da suka yaɗa cutar a kudancin Sin asalinsa daga gabashin Afirka yake. Ɗayan kuma daga Kudancin Amurka aka shigo da shi don ci a farkon shekarun 1980, shi ne ya jawo ɓarkewar da ta kama mutum kusan 160 a Beijing a 2006. Hausawa ba ma'abota cin dodon koɗi ba ne, saboda haka ba tsutsar ce ta dame ni ba. Abin lura shi ne likitan Guangdong da ya ga ciwon kai da sanƙarewar wuya yakan tambayi abin da aka ci a makonnin baya, domin ya san ƙasarsa. Mu ma mun ga darajar irin wannan tambaya a Zamfara a 2010. Yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya ci, har sai da aka lura da dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida, aka auna jininsu, aka gano gubar dalma. Yara kimanin 400 suka rasu.

4.0 Raunin da magani ke barin wa ƙwaƙwalwa

Ciwon dajin bayan hanci ya yi wa mutanen Guangdong katutu fiye da kusan kowace al'umma a duniya. An danganta shi da abu uku da suka haɗu: gado, da ƙwayar cutar Epstein-Barr, da cin kifi mai gishiri irin na yankin tun ana yara. (Ita wannan ƙwayar cuta a 1964 aka gano ta, daga ƙarin da ke fitowa a muƙamuƙin yaran Yuganda, wanda mu ma muke gani a asibitocinmu.) Babban maganin wannan daji shi ne gashi da haske mai ƙarfi. To amma bayan hanci maƙwabcin gindin ƙwaƙwalwa ne, daidai sashen da ke riƙe da tuna abubuwa. Sai mutum ya warke daga dajin, ya koma aikinsa, bayan watanni ko shekaru ya dawo da mantuwa ko farfaɗiya ko ciwon kai, hoto ya nuna wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ya mutu.

A wasu ƙasashe likita zai yi shekaru bai ga irin wannan ba. A Guangzhou kuwa sun yi yawan da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Tunawa da Sun Yat-sen, ƙarƙashin Farfesa Tang Yamei, ya mayar da su fagen bincikensa. A 2018 suka wallafa gwajin da ya kwatanta maganin bevacizumab da magungunan sauke kumburi da aka saba bayarwa, sabon ya fi rage kumburin. Ba su jira wani ya yi musu binciken daga Turai ba, domin Turai ba ta da majiyyatan da yawa.

5.0 Zazzaɓi mai hawa kai

Nan ne tarihin Guangzhou ya shigo har cikin ɗakunan yaranmu, don haka zan ɗan daɗe.

Zazzaɓin cizon sauro yakan hau kai ne idan jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suka manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, suka toshe su. Yaro zai fara da zafin jiki, ya shiga jijjiga, ya sume ya ƙi farfaɗowa. Binciken da aka yi da na'urar hoto a Blantyre ta Malawi, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe akasarin yaran, domin ƙoƙon kai ba ya buɗewa, sai kumburin ya danne cibiyar numfashi. A gida kuwa, kafin a kai ga asibiti, sau da yawa an riga an yi hayaƙi, an ɗura jiƙo a bakin yaron da ba ya iya haɗiya, an cusa masa cokali tsakanin haƙora. Uwar da ta yi haka ƙauna ce ta sa ta, kuma mu ne ba mu isa gare ta da bayani ba.

A ranar 23 ga Mayu 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon maganin zazzaɓi, saboda sojojin Biyetnam ta Arewa suna mutuwa kuma kulorokwin ya daina aiki. Tu Youyou, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015, ta sami haske ne daga littafin Ge Hong, wani masani na ƙarni na 4 da ya ƙare rayuwarsa a dutsen Luofu na lardin Guangdong. A nan ta ga ana jiƙa wani ganye dangin tazargade a ruwa a matse, ba a tafasa shi. Ta gane zafi ke lalata sinadarin da ke cikin ganyen, ta sauya hanyar tatsa a 1971. Wannan ɓangare na labarin ya shahara. Wanda bai shahara ba shi ne na Li Guoqiao, malami a kwalejin maganin gargajiyar Sin ta Guangzhou. Shi ne a 1974 ya je lardin Yunnan, kusa da iyakar ƙasar Bama, ya gwada sinadarin a kan masu zazzaɓi mai tsanani, har da waɗanda suka sume, ana ɗura musu ta robar hanci. Suka farfaɗo, ƙwayoyin cutar suka ɓace daga jininsu da saurin da ba a saba gani da kwinin ba. Mutum ne da ya taɓa sa wa kansa cutar da gangan don ya fahimci tafiyarta a jiki. A 1982 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet, daga nan duniya ta fara saurare.

Nau'in sinadarin da ake narkarwa a yi allura da shi, wato artesunate, a Guilin aka haɗa shi a 1977. Sai da aka yi sama da shekara 30 kafin ya zama maganin farko ga yaran Afirka. Gwajin AQUAMAT na 2010, wanda ya ɗauki yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Nijeriya ta hanyar Ilori, ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 10.9 cikin 100 da kwinin zuwa kashi 8.5 da artesunate. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta. Ga Nijeriya, ƙasar da ke ɗauke da sama da rubu'in masu zazzaɓin duniya, wannan bambanci rayukan dubban yara ne a kowace damina. Ya kamata in faɗa a fili cewa jiƙon tazargade ba ya maye gurbin wannan allura. Hukumar ta yi gargaɗi a kan haka, domin sinadarin da ke cikin ganye ba shi da tsayayyen awo, kuma ƙarancinsa na koya wa cutar jure magani.

Ga inda aikin likitan ƙwaƙwalwa ya fara. Gwajin na 2010 bai sami wani bambanci na a zo a gani ba a yawan yaran da suka tashi da naƙasar jijiya. Allurar tana ceton rai, amma ba ta mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Bincike a Yuganda ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira suna da raunin fahimta bayan shekara biyu, kuma na Malawi ya nuna wasu suna kamuwa da farfaɗiya watanni bayan an sallame su lafiya lau. Ke nan duk nasarar da muka samu a ɗakin gaggawa tana ƙara yawan yaran da ke buƙatar a bi su. A yanzu ranar sallama ita ce ƙarshen hulɗarsu da asibiti. Bayan shekara uku malami zai ce yaron daƙiƙi ne, ko maƙwabta su ce ya yi gamo, babu wanda zai tuna da suman da ya yi yana ɗan shekara huɗu. Haka abin yake ga waɗanda suka tsira daga sanƙarau, tun daga annobar 1996 zuwa ta 2017 da ta fi ƙamari a Zamfara da Sakkwato. An ƙirga gawa, ba a ƙirga kurame ba.

6.0 Ɗan kasuwa da ƙwaƙwalwarsa a baƙon gari

'Yan kasuwarmu sun fi taruwa a Xiaobei da Sanyuanli, su yi Juma'a a masallatan birnin, ciki har da tsohon masallacin Huaisheng da kuma wanda ke makabartar da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Da yawansu maza ne da suka haura shekara 40, shekarun hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, wanda Kano da Zariya ke cikinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu. Mutumin da ya baro maganinsa a gida, ya kwana a jirgi, ya shiga zirga-zirgar masana'antu da cin abinci mai gishiri, yana cikin haɗari.

Ƙasar Sin ta ɗauki wannan ciwo da gaske, domin yana kan gaba cikin masu kashe mutanenta. Tun 2011 ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da shi, kuma a 2016 aka ɓullo da wata dabara ta koyar da alamominsa ta hanyar lambar motar asibiti, 120: ɗaya, a dubi fuska ko ta karkace, biyu, a ɗaga hannaye a ga ko ɗaya ya faɗi, sifili, a saurari magana ko ta harɗe. Manyan asibitocin Guangzhou suna da hoton kai dare da rana, da allurar narkar da gudan jini wadda ake yi cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwo, da hanyar zare gudan ta cikin jijiya. Duk wannan yana nan, amma Bahaushen da ya faɗi a ɗakin otal yana iya rasa shi. Abokan tafiyarsa za su kwantar da shi su ce gajiya ce, ko su fara neman tikitin komawa gida. Binciken da aka yi kan 'yan Afirka mazauna birnin ya sha nuna shingaye uku: harshe, kuɗin jinya, da tsoron zuwa asibiti ga wanda bizarsa ta ƙare. Harshen ya fi ba ni tsoro. Likita ba zai yi allurar ba sai ya san ƙarfe nawa aka ga majiyyaci lafiya na ƙarshe, da ko yana shan maganin tsinka jini. Kuma ta yaya likitan da ba ya jin Hausa zai gane cewa Hausar mutumin nan ta harɗe?

Wannan gyaransa bai fi ƙarfin ƙungiyoyin 'yan kasuwa ba. Kati guda mai Hausa a fuska ɗaya da Sinanci a ɗayar, ɗauke da cututtukan mutum da magungunansa da lambar tafintan da za a kira, zai iya shiga aljihu tare da fasfo. Ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke birnin da shugabannin al'umma suna da damar yaɗa shi.

7.0 Abin da ya rage gare mu

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna Afirka ba ta kai likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba. 'Yan ƙalilan da muke da su a Arewa suna asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, kowa da layin da ba ya ƙarewa. Ba na ganin za mu cike wannan giɓi da gine-gine ko da tura majiyyata Alƙahira da Indiya. A nan ma ƙasar Sin ta gwada wata hanya. Daga 2000 zuwa 2004, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, an horar da ma'aikatan lafiya na karkara su gane farfaɗiya mai jijjiga su ba da phenobarbital, magani mai araha da aka sani tun 1912. Faɗuwar akasarin majiyyatan ta ragu da rabi ko fiye, wasu ta tsaya cak, sai gwamnati ta faɗaɗa shirin zuwa larduna da dama. Likitan ƙwaƙwalwa a irin wannan tsari malami ne kuma mai sa ido, yana karɓar waɗanda suka gagara kawai.

Shawarata ita ce mu fara da yaran da muka riga muka ceto. Kowane asibitin da ke yin allurar artesunate ya buɗe rajistar yaron da aka kawo a sume, da unguwarsu da lambar wayar mahaifinsa, a dawo da shi bayan wata ɗaya, da wata shida, da shekara, a gwada jinsa da maganarsa da tafiyarsa, a tambayi uwarsa ko ya taɓa faɗuwa ko ƙafewar ido. Gwaje-gwajen fahimta da ake da su an tsara su ne ga yaran wasu ƙasashe, saboda haka akwai aiki a gaban sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, su zauna da likitocin yara su tsara namu, da hotuna da kalmomin da ɗan Ɗanbatta ko ɗan Tasawa ya sani. Asibitin gunduma ɗaya a Katsina da ɗaya a Maraɗi, masu amfani da takarda iri ɗaya na tsawon damina uku, sun isa su ba mu adadin farko na yaran Hausawa da zazzaɓi ke bari da farfaɗiya, kuma da wannan adadi ne za a je gaban ma'aikatun lafiya a nemi a sa maganinta a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko.